Sai da na hau na gane

Jiya na je baje kolin babura inda ake barin mutum ya hau ya ɗana. Na yi watanni ina kallon Africa Twin na Honda a hoto, mai injin 1084cc, har na sa shi a rai. Na hau mai DCT, wanda ba shi da hannun kuloci, shi ke canza giya da kansa. Daɗi kam akwai.

Amma da na koma kan Yamaha Ténéré 700, wallahi sai na ji kamar don ni aka ƙera shi. Injin 689cc ne, bai kai wancan nauyi ba, yana bin jiki a kwana, hannuna bai gaji ba ko kaɗan. Ban so sauka ba. Da shi na kwana a rai.