Abin da Kaka ke kallo cikin ruwan sama

Jiya anka yi ruwan farko nan Tawa, ina tsaye bakin ƙofar buro sai kakana ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙan shi. Garinmu na can wajen Badagishiri, ƙasar Adar, duwatsu ko ina da fako wanda ko haki bai fitowa. Gidan shi na laka ne, ga wani ƙaton rumbu tsakar gida da sai an sa tsani ake leƙa bakin shi, mu yara an hana mu hawa amma muna hawa.

Tsohon nan in hadari ya taso kowa na gudu ɗaki, shi ko sai ya kifa tsohon buhu bisa kai ya nufi gona. Kakata ta yi ta faɗa, wai wata rana sanyi zai kashe shi. Rannan na bi shi, ina aji ukku lakwal, ya waigo ya ce "aboki, in dai ka zo to buɗe ido, ruwa ba ya ƙarya." Muna tsaye jagab, shi dai kallon ƙasa yake, inda ruwa ya bi da gudu tsohon ya aje dutse, inda ruwan ya kwanta ya kafa kara. Da safe ya jera duwatsu daidai wurin. Ni lokacin wallahi gani nike tsufa ne kawai.

Bayan na ƙare karatun aikin gona a Kollo anka turo ni wani ƙauye in koya ma mutane tassa. Ga wanda bai sani ba, ramu ne ake gina cikin fako tun da rani, faɗin kamar santimita 20 zuwa 30, a zuba taki ciki, gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya tsaya ya shige maimakon ya wuce. Manoman Illela ta nan jihar Tawa ne sunka je sunka ga dabarar a Yatenga ta Burkina Faso ƙarshen shekarun 1980. Ƙasar da anka fidda ana tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa, duk wannan na hardace shi har na ci jarabawa da shi.

To na zo da kaye da igiyar awo ina ji da kaina, na duba fili na ce gangaren gabas ya yi. Wani dattijo ya ce "malam, ruwan wurin ga kudu yake bi." Na ce baba ai mun auna. Bai ƙara magana ba, haka sunka yi kwanaki cikin zafin Afirilu suna saran fako da diga bisa maganata. Ruwan farko na sauka ya bi kudu abin shi, ya bi ta gefen tudun ƙasar ya kwashe takin, rabin aikin sai da anka sake.

Abin da ya fi ci min rai ba wanda ya zarge ni, dattijon ma hura ya aiko min da ita. Daren nan ban yi barci ba, buhun Kaka kawai nike gani. Ashe mutumin da bai taɓa riƙa alƙalami ba taswirar gonar shi yake zanawa duk damana, ina tsaye kusa da shi ina rawar ɗari ban gane komi ba.

Yanzu duk ƙauyen da na je sai na nemi wanda ya fi kowa daɗewa yana noman wurin mu zaga tare kafin in fiddo igiya. Matasan da ake kawo min horo kuma in hadari ya haɗu ce musu nike su aje waya mu fita, suna kallona kamar yadda na kalli tsohon.

Bara na je gida, rumbun ya zube, ɗakin shi an maida shi na awaki. Duwatsun dai na nan jere cikin gona, ƙanen babana ke noma ta yanzu.