Na je Detroit na ga gidan dala dubu ɗaya

Jama'a na dawo lafiya, har yanzu dai barci bai koma daidai ba. Tun kafin in tafi abokan sana'a suka ishe ni, kasancewar dillancin filaye da gidaje muke yi, wai sun ji ana sayar da gida dala dubu ɗaya a birnin Detroit na Amurka, in duba musu ko gaskiya ne. To gaskiya ne. Amma ku tsaya ku ji tukuna kafin wani ya sayar da gonar gado.

Zancen jirgi ba sai na ba ku ba, zama ne da ciwon baya. Wani jami'i ne dai ya so ya ɓata min rai a inda muka fara sauka, ya tambaye ni me na zo yi, na ce ziyarar yayana, ya ce me nake yi a gida, na ce harkar gidaje, sai ya ɗago ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "kai ma gidajen banza ka zo kwasa ko?" Ya riƙe fasfo ɗina yana jujjuyawa kusan rabin awa, ko kujera bai nuna min ba. Na haɗiye kawai, baƙo ba ya zafin kai.

Yaya ya ɗauke ni da mota. Tsakiyar gari kam sai hamdala, dogayen gine-gine, kogi, ga Kanada can tsallake kana hango motocinsu. Tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan da ta yi shekaru kusan talatin a yashe, kamfanin Ford ya saya ya gyara aka buɗe a 2024, tana ta ƙyalli. Na ce Yaya ina talaucin da ake ta faɗa? Ya ce ƙanena bari mu bar kan titi.

Kai! Muna shiga unguwa sai na ga gida ɗaya, fili, fili, gida an toshe tagoginsa da falanki, fili, sai wani gidan kuma fes da furanni a ƙofa. Layi guda da aka gina don gida ashirin yanzu bai fi biyar ba a tsaye. Ga titin kwalta, ga fitilun hanya, ga famfon kashe gobara, babu mutane. Ni da na saba ganin 'yan'uwa ciki ɗaya suna shari'a a kan taku uku na fili a Kano, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Garin nan a 1950 mutum kusan miliyan 1 da dubu 850 ke ciki, ƙidayar 2020 ta samu dubu 639. A 2013 ma gwamnatin birnin kanta ta je kotu ta ce ta tsiyace ba ta iya biyan bashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko Yaya ya haɗa ni da wani abokinsa, dattijo baƙar fata haifaffen garin, wanda ya yi aiki da wata ƙungiyar gyaran gidaje lokacin da bankuna ke ta ƙwace gidajen mutanen da suka kasa biyan bashin gida. Ya ja mu cin abinci a Dearborn, wani gari a gefen Detroit mai Larabawa da yawa, shinkafa da naman rago faranti ya ishi mutum uku, ya hana ni ko taɓa aljihu. Shi ya warware min zare da abawa.

Ya ce a 2008 gwamnatin tarayya ta fito da shiri na musamman na ceto unguwanni da ake kira NSP, aka ware kusan dala biliyan 4 a zagayen farko, aka ƙara 2 a 2009, aka ƙara 1 a 2010. Nufin shi ne birane su sayi gidajen da banki ya ƙwace, su gyara su sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, wanda ya lalace kuma a rushe, don kada gida ɗaya ya ja layi gaba ɗaya ƙasa. Detroit ta samu wajen dala miliyan 47 a zagayen farko. Na ce ai kuɗi ne wannan. Ya yi dariya ya ce ɗan'uwa raba su a kan dubban gidaje ka gani.

Kuma ba ƙarancin kuɗin ne ya fi cin ransa ba, sharuɗɗan ne. An ba su wata 18 kacal su ɗaure kuɗin a kan ayyuka ko a karɓe, alhali kafin ka sayi gida ɗaya sai an ƙiyasta kuɗinsa, an duba muhalli, an duba ko akwai tsohon fenti mai gubar dalma, an tabbatar ba a kori ɗan haya ba bisa ƙa'ida ba, sannan dole ka saya ƙasa da farashin kasuwa, da farko ma ragin kashi 15 aka nema kafin aka ga ba ya yiwuwa aka mayar kashi 1. Kai kana can kana cike fom, wani ɗan kasuwa ya zo da tsabar kuɗi ya kwashe masu kyan cikin kwana biyu, banki kuwa me ya dame shi da unguwa. Sai a bar muku ruɓaɓɓun. Wani gidan ma ba a san mai shi ba, bankin ya fara shari'ar ƙwacewa, mutanen suka tashi, sai ya ga gidan bai kai kuɗin wahala ba ya watsar, takarda na sunan wanda ya bar gari tun tuni. Na ce ashe rikicin takardar gida ba mu kaɗai ba ne.

Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda gida ke mutuwa da sauri a can. Mu namu ka rufe ka tafi shekara biyar, in dai rufi bai zuba ba ka dawo ka share ka kwanta. Su nasu katako ne, ga sanyi. Hunturu ɗaya babu wuta ruwan cikin bututu ya daskare ya fasa shi, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya cika da ruwa. 'Yan jari bola nasu kuma ba sa wasa, dare ɗaya su zare wayoyin tagulla, su ciro bututu, su ɗauke injin ɗumama gida da tankin ruwan zafi. Ya ce akwai gidan da suka gama gyarawa tsaf, kafin mai saye ya gama da banki an shiga an kwashe komai, suka koma farko. Kuma ka kashe dala dubu ɗari a gyara, kasuwar unguwar ta ce rabin haka za ta biya, gibin nan daga kuɗin shirin zai fito.

Washegari na matsa sai an kai ni na ga na dubu ɗayan da idona. Hukumar birni da ke riƙe da gidajen da aka yasar ita ke gwanjonsu ta intanet, daga dala dubu ake farawa. Daga waje gidan bulo ne ja mai bene, har da baranda, a Nasarawa GRA irinsa sai wane da wane. Muka leƙa ta tagar baya inda falankin ya ɓalle. Silin ya zubo a tsakar ɗaki, inda wayar wuta ta bi duk an tsaga bango an zare ta, tsiro ya fito ta ƙasan kicin, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya a kan matakala. Warin danshi kuwa har waje. Kuma in ka saya ba ajiyewa za ka yi kana jiran ya yi tsada ba irin yadda muke yi, wata shida ake ba ka ka gyara a shiga, kana turo hotuna, in ka gaza su karɓe abinsu. Wannan sharaɗin ni ya burge ni, da za a kawo mana shi da kangwaye da yawa sun samu mazauna.

Maƙwabciyar gidan wata tsohuwa ce, ta fito ta ga baƙi ta ɗauka masu saye ne, da fara'arta. Na gaishe ta na ce Mama ziyara ce kawai, amma duk da haka sai da ta zaunar da mu a baranda ta kawo shayi mai ƙanƙara da burodin masara. Filin da ke gefenta dala ɗari ta saye shi daga hukumar bayan an rushe gidan da ke wurin, ta shuka tumatir da kabeji. Sauran filaye uku da ba nata ba ita ke yanke musu ciyawa, ta ce in ta bari suka yi duhu juji za a mayar da su. Na tambaye ta maƙwabtan ina suka tafi, duk banki ne? Ta ce banki ya fara, haraji ya ƙarasa.

Nan fa na ji abin da ya ɗaure min kai. In ka yi shekara uku ba ka biya harajin gida ba ƙaramar hukumar Wayne, wadda Detroit ke cikinta, ta ƙwace ta yi gwanjo, a shekarun baya a zagaye na biyu na gwanjon har daga dala 500 aka riƙa farawa. Gidaje sun faɗi warwas bayan 2008 amma aka ci gaba da yanka wa mutane haraji a kan tsohon farashi. Jaridar Detroit News ta bincika a 2020 ta ce abin da aka ɗora wa masu gidaje fiye da ƙa'ida daga 2010 zuwa 2016 ya kai aƙalla dala miliyan 600. Wato ofis ɗaya na kashe kuɗi don a cika gidaje da mutane, ofis na kusa da shi yana fitar da waɗanda ke ciki. A ganina da an bar mutanen a ɗakunansu tun farko da ya fi arha nesa ba kusa ba, don mai gida ko talaka ne shi ne maigadin da ba a biya.

Daga baya kuɗin suka karkata wajen rusau. Wani asusun tarayya da aka buɗe a 2010 don taimaka wa masu bashin gida, sama da dala miliyan 250 na cikinsa a katafila suka ƙare a Detroit. Can ma ba a rasa ƙura ba, farashin rushe gida ya yi ta hawa, aka shiga binciken kwangiloli, har aka dakatar da kuɗin na ɗan lokaci a 2016, ga zancen gurɓatacciyar ƙasa da wasu 'yan kwangila suka cike ramuka da ita. A 2020 mutanen gari suka ƙara amincewa da cin bashin dala miliyan 250 don ci gaba da aikin.

Af, aski dala 25 ban da na goro da ake sa ran ka ƙara. Na bar gashina har na dawo.

Mun leƙa Hamtramck, ƙaramin gari a cikin Detroit, 'yan Yaman da Bangaladash sun cika shi, ana kiran salla da lasifika, kuma ba ka ganin gidan da babu kowa. Daga nan muka wuce birnin Cleveland, unguwar Slavic Village da ta yi suna wajen ƙwace gidaje a 2007, labarin kusan ɗaya ne sai dai gibin bai kai na Detroit ba. Chicago kwana kawai na yi, iska ta hana ni sakewa, kuɗin ajiye mota ya fi na abincinmu. Daga can na hau jirgi.