Irin kocin da nake ɗauka

Ƙaramar makarantar ƙwallo nake da ita a Kano, ta yara 'yan shekara 10 zuwa 15. Da kuɗin wata da iyaye ke biya muke hayar fili, mu sayi ƙwallaye da jesi, mu biya koci. Amma duk lissafin nan a wuyan koci yake. In yara ba sa son shi ba za su faɗa ba, sai dai ka ga masu zuwa atisaye suna raguwa, wannan ya ce Islamiyya, wancan ya ce an aike shi kasuwa.

Shi ya sa ba takardar koci nake fara dubawa ba. Ina ba shi yara, in koma bakin layi ina jiran wani ya ɓata fasin. Wani kocin nan take zai daka tsawa, ya kira yaro sakarai a gaban 'yan uwansa. Yana iya cin wasa biyu ko uku, amma daga nan yara sun daina neman ƙwallo, kowa na gudun kada laifi ya faɗa kansa, in aka zura mana sai 'yan baya su hau gola da zagi. Abin da suka gani wurin babba suke yi wa junansu. Wani kuwa sai ya busa usur, ya kira yaron da sunansa, ya ce, "Wa ka gani a hagunka?" Yaron ya ɗaga kai ya duba, a sake bugawa. Wannan nake ɗauka, ko da ya fi tsada.

Fifiko ya fi tsawa ɓarna. Da zarar ejan, wato dillalin 'yan wasa, ya fara zagayo saboda yaro ɗaya, koci ya bar shi yana makara ba hukunci, to sauran sun gane, kuma ba za su ƙara ba shi ƙwallo da zuciya ɗaya ba. Nakan tuna wa kociyoyina Golden Eaglets ɗin koci Manu Garba na 2013, wato 'yan wasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 17, da suka ci Meziko 3-0 a wasan ƙarshe na kofin duniya a Abu Dhabi. Iheanacho ne tauraro, amma kambun kyaftin a hannun Musa Muhammed yake, ɗan baya.

A wurinmu kambun zagayawa yake yi duk wata. Wanda ya fi kowa cin ƙwallo shi ma yana ɗaukar jakar ruwa ranar da layi ya zo kansa, kuma duk yaron da ya zo atisaye mako guda cur sai ya buga ranar Asabar, ko da ana cin mu.