Tambayar da Na Ƙi Yi

Watan nan Alhaji ya cika shekara biyu da rasuwa, Allah Ya jiƙansa Ya kai haske kabarinsa. Dillalin filaye da gidaje ne a nan Damagaram. Ba shi da ofis, ba shi da allon talla, benci ne kawai ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da Kasuwar Dole. Shekara tara ina riƙe masa mita da jakar takardu. Ku samarin da nake gani yanzu a fada, kowa da hoton fili a waya yana neman mai saye ta WhatsApp, da ku nake magana, domin ɓarnar da zan faɗa da hannuna na yi ta.

A lokacin ina ganin Alhaji ya cika nawa. In aka kawo masa fili, sai ya yi sati bai nemi mai saye ba. Zai fara da tambayar gonar wa ce tun asali. Zai je ya gaida mai unguwa, ya nemi maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, ya bi shingen aguwa da ƙafa yana duba ko an taɓa matsar da shi. In damina ce, yakan jira a yi ruwa ya koma washegari ya ga inda ya kwanta. Kuma ba ya ɓoye wa mai saye nisan famfo, ko cewa akwai dutse a ƙasa wanda zai ci kuɗi wajen haƙar shadda. Wanda ya san garin nan ya san ruwa tsohuwar matsalarmu ce, har ana lissafa ta cikin dalilan da suka sa Faransawa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Alhaji yakan ce gara mutum ya fasa saye yau da ya riƙa tsine maka duk ranar da ya biya ɗan garuwa.

A 2011 aka buɗe matatar mai a kan hanyar Tanut, ga jami'a ta fara aiki, sai farashin fili ya tashi. Gonakin gero na bakin gari suka koma farsel, wato filayen gini da aka yanka. Sa'o'ina suna sayen babur, ni ina nan ina jan mita. Zuciyata ta yi zafi.

Alhaji ya tafi Mirya zaman makoki na kwana uku, sai ga wani magidanci ya zo rumfa. Mahaifinsu ya rasu ya bar gona, shi ne babba, yana son ya yanki wani ɓangare ya sayar da gaggawa. Ni kuwa na san wani malamin lakkol da ya daɗe yana zuwa wajen Alhaji, shekaru yana zubin adashi don ya fita daga haya da matarsa da ƴaƴansa huɗu. Kafin la'asar na haɗa su. Muka rubuta takarda da hannu, shaidu biyu suka sa hannu, dukansu abokan mai sayarwa ne. Na karɓi la'adata na sa a aljihu.

Akwai tambayar da Alhaji ba ya tsallakewa: an raba gadon? Na ji ta daga bakinsa ya fi sau ɗari. Ranar tana bakina, na haɗiye ta, saboda na san in na yi ta cinikin zai lalace. Wannan nake so ku riƙe. Yawancin ɓarnar da ake yi a sana'ar nan ba rashin sani ba ne, mutum ya san abin da ya kamata ya tambaya, yana tsoron amsar ne.

Bayan wata biyar malamin ya kawo bulo, magina suka fara haƙar tushe. Sai ga tsohuwa, matar mamacin mai gonar, da ƴaƴanta mata biyu, ɗaya daga Magarya ta taso. Na ga tsohuwar ta zauna a kan tulin yashi, ta ce ko ƙasa ɗaya ba za a ƙara tonawa ba sai an binne ta a ciki. Kuma gaskiya ce da ita. Tana da tumunin takaba, ƴaƴa mata kowace tana da rabin rabon namiji, kuma kafin a raba babu wanda ya san wane gefe ne na wa. Aka je wajen mai unguwa, aka wuce kotu, ciniki ya rushe. Mai sayarwa ya riga ya cinye kuɗin.

Daren nan bayan isha'i Alhaji ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, ka tambaya ko an raba gadon?"

"A'a, Baba."

"Mantawa ka yi?"

Na daɗe ina kallon tabarma kafin na ce, "Ban manta ba, Baba."

Ya ce to, ya tashi ya shiga cikin gida. Daga baya na ji cewa a daren ya tara Hajiya da manyan ƴaƴansa ya gaya musu komai. Yana da farsel guda da ya ajiye wa babban ɗansa don ginin aure. Ya ce malamin ba don ni ya ba da kuɗinsa ba, don ya ga ina zaune a bencinsa ne, saboda haka bashin nasa ne. Bai yanke ba sai da Hajiya da yaron suka amince. Ya sayar, ya biya malamin har da kuɗin bulo. Auren yaron ya ja baya da shekara guda saboda ni. Bai kore ni ba. Ya buɗe mini shafi a littafinsa, duk cinikin da muka yi yana cire rabin la'adata, shekara huɗu.

To ku ji. In fili na gado ne, kada ku karɓi ko dala sai kun ga magada duka, mata kafin maza, don su ne aka fi dannewa kuma su ne za su dawo. Wanda yake Agadas ko Kano ko Libiya, a kira shi a gaban shaidu, ya aiko da wakilci a rubuce. Shaidu su zama maƙwabtan filin da mai unguwa. In gona ce, akwai kwamitin filaye, Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada don irin wannan shaida. In an yi lotisma, wato an yanka wurin farsel-farsel a hukumance, ku taka ku je meri, ofishin magajin gari, da kanku a duba lambar ilo, wato rukunin filayen, da ta farsel a kan taswira, a ga sunan wa ke cikin rajista, don farsel guda ana iya sayar wa mutum uku da fotokwafi. Ku shawarci mai saye ya bi takardarsa har kadastir, ofishin rajistar filaye na gwamnati, ko da zai ɗauki lokaci. Kuma ku faɗi la'adarku a fili tun farko. Ɗora ƙari a ɓoye kan farashin mai fili ya raba abokai da yawa a garin nan.

Abin da ban lura da shi ba sai a makare shi ne gidansa. Magariba na yi yake naɗe jaka, ko miliyan nawa ke jira. Tire guda yake ci da ƴaƴansa maza, ya leƙa wajen mata ya tambayi karatun kowace. Ni a shekarun biyan bashin nan sai tsakar dare nake shiga gida, ɗiyata ta fari ta fara tafiya ban gani ba.

Da ya rasu, aka buɗe akwatinsa na ƙarfe. Kowane fili da takardarsa a cikin leda, da bayani da ajami a kai, har da wanda aka ba shi amana. Zama ɗaya aka yi aka raba gadonsa, babu wanda ya tashi da fushi. Malamin lakkol ɗin ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni har aka shafa fatiha. Da za mu watse, babban ɗan Alhaji, wanda aurensa ya ja baya, ya riƙo hannuna ya miƙo mini mitar da littafin. Na buɗe shafina, na tarar an ja masa layi, a ƙasa Alhaji ya rubuta: ya biya.