Hasken jitata da ya ɓace a cikin waya mai mita shida

Amfilifayata, wato na'urar ƙara sautin jita, ta hannu ce, irin mai bawul (kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, irin na tsohuwar rediyo), cikin kayan da ake saukewa daga jirgin ruwa a tashar Tema ta Ghana na same ta. Abin da ya ja ni gare ta ramuka biyu ne a bayanta, an rubuta Send a kan ɗaya, Return a kan ɗayan, da alƙalamin maka. Mai ita na farko ne ya huda su da kansa. Masu jita lup suke ce wa wannan hanya: sauti ya fita bayan bawulolin farko sun gama sarrafa shi, ya bi ta fedal (ƙaramin akwatin sauya sauti da ake takawa da ƙafa), ya dawo ya shiga manyan bawulolin da ke tura lasifika. Amfaninsa shi ne amsa-kuwar dile, wato fedal mai maimaita sauti, ta fito tsaf, ba ta cakuɗe da gurnanin bawul ba. Duk mai kaɗa hailaif, kiɗan nan na Ghana, ya san darajar wannan, domin kiɗan ba ya son dagwalo, kowace tsirkiya so ake a ji ta wasai.

A ɗakina a unguwar Nima ta Accra komai lafiya. Sai ranar wani biki a Maamobi, na shimfiɗa waya mai mita shida daga bayan amfilifaya zuwa fedal a gaban ƙafata, wata mai mita shida ta koma, na murɗa babban maɓallin ƙara don in keta ganguna. Jita ta fito kamar an lulluɓe lasifika da bargo. Na ƙure maɓallin siririn sauti, a banza. Abin da ya fi ɗaure min kai, ina ƙara murya tana ƙara dushewa. Mai gangarmu ya leƙo ya ce, "Yaya, mura jitar take yi?" Raina ya ɓaci ƙwarai a daren nan.

Na ɗora wa bawul laifi. Na hau tiroto zuwa Zongo Lane na yi ta yawo har na samo bawul samfurin 12AX7 guda biyu, kuɗi suka tafi, ciwo yana nan.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya warware min, mutumin da ya fara sana'a tun rediyo na ɗaukar zafi kafin ta yi magana. Bai ko kwance ƙusa ba. Ya ɗauko guntuwar waya da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ya haɗa Send da Return, ya ce in kaɗa. Haske ya dawo. Ya cire, ya sa doguwar wayata ita kaɗai, babu fedal ko ɗaya. Bargo ya dawo.

"Ɗana, bawul ɗinka ƙalau suke. Wayarka ce ɓarauniya, amma wanda ya huda ramin nan shi ya bar mata ƙofa a buɗe."

"To Baba, ai da wannan wayar nake haɗa kibod, ba ta taɓa yi min haka ba."

Ya jawo kwalin sukari ya zana min a bayansa. Kowace wayar jita tana da wani hali na shanye siririn sauti ta zubar da shi ƙasa, ana auna shi da fikofarad, kusan 100 a kowace mita. Ko za ta samu dama ko ba za ta samu ba, ya danganta da ƙarfin abin da ke tura sautin cikinta. Kibod da ƙarfinsa yake turawa. A amfilifayata kuwa an ɗauko sautin kai tsaye daga ƙafar tsakiya ta babban maɓallin ƙara mai turjiyar om miliyan ɗaya (om shi ne ma'aunin yadda abu ke turje wa wutar lantarki), kuma idan aka murɗa shi ya kai inda turjiyar ta rabu biyu daidai, abin da waya ke gani ya kai om 250,000. Haɗa wannan da fikofarad 600 na mita shida, sautin zai fara zubewa tun daga wajen haz 1,000 zuwa sama (haz shi ne ma'aunin sirantar sauti). Nan ne fa cizon jita yake. A ɗaki da nake kaɗawa ƙasa-ƙasa turjiyar ba ta kai haka ba, wayar kuma gajera ce, shi ya sa ban taɓa lura ba.

Maganin shi ne bafa. Aikinta ta tsaya tsakani: ta karɓi sauti a hankali ba tare da ta yi wa bawul nauyi ba, ta sake shi da turjiya ƙasa da om 1,000 ko kusa da haka. A nan wayar mita shida ba ta iya taɓa komai sai can sama da haz 200,000, inda kunne bai kai ba. Matsalar ba sabuwa ba ce, amfilifayoyin Dumble na Amurka da ake ji da su ma lup ɗinsu haka yake tsirara, har Alexander Dumble ya ƙera masa akwati na daban mai suna Dumbleator.

Na fara da hanya mai araha. Fedalolin Boss suna da bafa a ciki da ke aiki ko an kashe su, don haka na ari ɗaya na ɗora a kan amfilifaya da guntuwar waya. Haske ya dawo nan take. Amma dilen nawa mai batir ɗin bolt 9 ya fara dagula sauti idan na bugi tsirkiya da ƙarfi, saboda bawul na iya fitar da bolt gommai, ƙaramin fedal ba zai iya haɗiye wannan ba. Ashe rabin aikin shi ne rage sautin kafin ya fita, a sake ɗaga shi idan ya dawo.

Haka Baba ya ƙera min da ɗaya daga 12AX7 ɗin da na sayo, tunda bawul ɗin gida biyu ne a kwalba ɗaya. Rabi ɗaya ya zama bafa, ana ɗaukar sauti daga sashensa da ake kira katod, ɗaya rabin yana ɗaga abin da ya dawo. Ni ban sa hannu ba, kuma ina roƙon kowa kada ya sa: kafasitocin ciki, wato ma'ajiyan wutar lantarki, suna iya riƙe wuta sama da bolt 400 ko bayan an zare soket.

Abin da ban zata ba shi ne da farko ban so sautin ba. Ya yi min kaifi, har yana sukar kunne. Wata da watanni na saba da ɗan dushewar nan, na saita komai a kanta. Sai da na mayar da maɓallin siririn sauti daga takwas zuwa huɗu na gane muryar amfilifayata ta ainihi. Na kuma lura rabin da ke ɗaga sauti yana da nasa launi: idan na matsa masa, jita tana yin kauri da ɗan laushi, ta rage tsalle a ƙarƙashin yatsa. Wasu na son haka. Ni don hailaif ina saita shi yadda ƙarar za ta zama ɗaya ko lup na ciki ko an cire shi, kuma da guntuwar wayar Baba nake gwadawa kafin kowane biki. Ya bar min ita, tana cikin aljihun jakar jita tare da tsirkiyoyin ajiya.