Wallahi na ɗauka hoto ne

Jiya da dare bacci ya ƙi zuwa, ina ta latse-latsen waya sai na faɗa kan wani bargo irin na Amurkawan da, wanda ake harhaɗa guntayen ƙyallaye a ɗinke. Na ware shi da yatsu biyu, ga zare ya saki a gefe, ga inda kala ta koɗe saboda wanki, har na ce kai mai kyamarar nan ya iya aikinsa, sai da na duba ƙasa na ga ashe da fentin ruwa wani ya zauna ya zana shi.

Sunan aikin Index of American Design. Bayan karayar tattalin arzikin 1929 masu zane sun rasa na cefane, shi ne gwamnatin shugaban Amurka Roosevelt ta ɗauke su aiki, daga wajen 1935 zuwa 1942 suna bin gidajen tarihi da gidajen mutane suna zana kayan hannu na kakanninsu. Tulunan yumɓu, kujerun 'yan Shaker (wata ɗarikar Kirista), dokin katako na yara, zakaran ƙarfen nan da ake kafawa a saman rufi ya nuna inda iska ta dosa, duka dai. Mata biyu ne ma suka kawo shawarar, Romana Javitz ta laburaren New York da Ruth Reeves mai zanen yadi. Zane sama da 18,000 aka tara, yanzu suna National Gallery of Art a Washinton.

Ni fa abin da ya tsaya min a rai shi ne ba a bar mai zanen ya nuna kansa ba ko kaɗan. Babu gyara, babu ƙarin gishiri, in tulu ya tsage a baki to haka za ka zana tsagar, in fenti ya ɓare a wuyan doki ka bi shi a haka, mutum ya kwashe kwanaki yana bin ɗinkin wata tsohuwa da ko sunanta ba a sani ba, ɗaya bayan ɗaya, kuma iya ƙwarewarka iya yadda hannunka zai ɓace a ciki. Gaskiya ni da ba zan iya ba, sai na ɗan ƙawata.

Inda suka ba ni haushi kawai, kayan 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a can, kusan duk an tsallake su, alhali an je har New Mexico an zano gumakan waliyyai na masu jin Sifaniyanci.

Sai wajen ƙarfe biyu na ajiye wayar, kuma a kan zakaran nan na ajiye ta.