Jitar da na haɗa da hannuna ta tsage, na'urar auna danshi ce ta cuce ni

Duk wanda zai fara haɗa jita da hannunsa, kafin ya nemi katako mai kyau, kafin zarto, kafin komai, don Allah ya fara gwada na'urar auna danshin ɗakin aikinsa da gishiri. Da wani ya faɗa min wannan tun farko da yanzu fuskar jitata ba ta da tabo, kuma wallahi har yau in na karkata ta wajen haske na hango layin nan sai raina ya sosu.

Mai tsirkiyar nailan na yi, irin ta Sifaniya, tsawon tsirkiya milimita 650 kamar yadda aka saba. Maigidana dattijo ne da ya daɗe yana haɗawa yana gyarawa, shi ke duba min aiki, amma aikin kansa a ɗakina nake yi da dare in na samu sarari sai in kai masa ya gani. Wuya, lanƙwasa gefe a kan bututu mai zafi, yanka gurbin ƙarafunan wuya, duk waɗannan da nake jin tsoro sun tafi lafiya lau, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Fuska, wato siririn katakon gaban jitar mai ramin sauti, ita ce na ba duk zuciyata. Katakon sifurus ne fale biyu da aka tsaga daga gungume ɗaya, na haɗe su a tsakiya har ba ka ganin wurin haɗin, na yi ta kankarewa ina ƙwanƙwasawa da yatsa kusa da kunnena har ya dawo wajen milimita biyu da rabi a tsakiya, bakin kuma ya ɗan fi haka siranta. In ka riƙe shi da yatsu biyu ka buga sai ka ji yana amsawa yana daɗewa kafin ya mutu, ranar da na fara jin wannan amon ban iya barci da wuri ba don murna.

Wanda ya san sana'ar ya san dalilin da ya sa fuska take da wannan matsayi. Antonio de Torres, mutumin Almeriya ta ƙasar Sifaniya da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, wanda kusan duk jitar nailan ta yau fasalinsa ta gada, ya haɗa wata a 1862 da ya yi mata baya da gefe da kwali, fuskar ce kawai katakon kirki, kuma tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Abin da masu sana'a suka ɗauka daga wannan jita shi ne murya a fuska take. Tsarinsa na bi, sanduna bakwai sirara a baje daga ƙasan ramin sauti, sai manyan sanduna biyu da suka gitta, ɗaya saman ramin ɗaya ƙasansa. To waɗannan masu gittawar, su da jakin tsirkiya (ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a kan fuskar) da da'irar gefe da aka manna fuskar a kai, su ne suke riƙe katakon su hana shi motsi, kuma nan ne maganar danshi take shigowa.

Katako ko ya shekara hamsin a ajiye bai daina shan danshin iska yana fitarwa ba. In iska ta jiƙe ya kumbura, in ta bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsin, ta tsawo kusan babu. Fuskar jita a wurin da ta fi faɗi ta kai wajen santimita 36, saboda haka tsakanin lokacin laima da lokacin bushewa tana iya motsa milimita biyu ko uku ko ma fiye, wanda a ido ba komai ba ne amma ga fallen da ka ɗaure ta ko'ina da gam babban abu ne. Shi ya sa masu haɗa kayan kiɗa suke tsare ɗakin aikinsu a danshi kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari, musamman ranar manna sanduna da ranar rufe akwatin. Na san wannan sarai, maigidana ya nanata min har na haddace, shi ya sa ma na sayi 'yar na'urar nan mai batir na kafa a bango daidai kan teburina. Ranar da zan manna sandunan na duba ta nuna 48, ranar rufewa 47, na yi bismillah na shafa gam hankalina kwance.

Ta yi kyau fa, ba yabon kai ba. Na goge ta da shalak, wani irin man ƙyalli da ake shafa wa katako, har tana ɗaukar ido, na ɗaura tsirkiya, da na kai wa maigidana ya kaɗa ya yi shiru ya sake kaɗawa sannan ya ce "ɗana, wannan ta yi magana," kuma shi ba mai saurin yabo ba ne. Watanni na yi ina cikin wannan farin cikin.

Da iska ta juya ta bushe sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Farko bakin ƙarafunan wuya suka fara kartar min hannu, don katakon eboni ya tsuke ƙarfe kuwa ba ya tsukewa. Sai tsirkiyoyi suka yi ƙasa suna zizar ƙarfe, na ɗora ruler a bayan jaki na ga fuskar da na yi mata ɗan tudu ta lotsa ciki. Wata safiya na buɗe akwatinta na tarar da tsaga, siririya kamar gashi, ta taso daga gindin jaki ta ɓangaren ƙananan tsirkiyoyi ta miƙe har ƙarshen fuskar. Na sa farce na ji bakinta. Gaskiya na daɗe a zaune ban ce komai ba.

Maigidana bai ma kalli tsagar sosai ba, tambaya ɗaya ya yi min, danshi nawa ne ranar da na manna. Na ce Baba 48, da idona na gani. Ya ce in je in kawo na'urar. Ya samo murfin kwalba ya cika da gishiri, ya ɗiga ruwa kaɗan yadda gishirin ya jiƙe amma bai narke ba, ya sa murfin da na'urar a cikin roba mai rufewa ruf, ya ce mu bar su su kwana. Jiƙaƙƙen gishiri a rufaffen wuri yana tsayar da danshin iska a kashi 75, haka halinsa yake, duk na'urar da take da gaskiya 75 za ta nuna ko kusa da haka. Da safe tawa 58 ta nuna. Kenan ranar da take ce min 48 ɗakina yana wajen sittin da wani abu, na manna sanduna a kan katakon da yake a kumbure, na kulle shi a haka, da iska ta bushe ya nemi tsukewa bai samu hanya ba sai ya yage a inda ya fi rauni.

Abin da yake ƙona min rai har yanzu shi ne ban yi ganganci ba, na bi ƙa'ida, na auna, na jira ranar da lamba ta yi daidai, ashe abin aunawar ne maƙaryaci kuma a kwalinsa babu inda aka ce ka gwada shi tukunna. Wata da watanni na kankara da ƙwanƙwasa, murfin kwalba ɗaya na gishiri ya isa ya tsare min su. Kuma ba tawa kaɗai ba ce, daga baya na gwada na wasu abokan koyo biyu, ɗaya ta yi daidai ɗaya ta kauce ita ma.

Gyaran ya koya min abin da haɗawar ba ta koya min ba. Ba mu taɓa gam ba sai da muka sassauta tsirkiya muka sa jitar a babbar leda da jiƙaƙƙen soso a gefe, ba ya taɓa katakon, kullum muna dubawa har bakin tsagar ya haɗu da kansa. Sannan ya ɗumama gam ɗin fata, irin wanda ake yi da fatar dabba, a cikin ruwan zafi wajen digiri 60, ya shafa a kan layin yana danna fuskar a hankali daga ciki da yatsa, tsagar tana buɗewa tana rufewa tana tsotse gam ɗin, sai da ya leƙa da ƙaramin madubi ya ga ya ɓullo ta ciki sannan ya matse. Bayan ya bushe muka yanka 'yan ƙananan faci na sifurus, jijiyarsu ta gitta ta fuskar, muka manna su ta ciki a kan layin, hannu ta ramin sauti kana aiki da abin da ba ka gani sai da madubi. A nan na gane dalilin da ya sa tsofaffi suka riƙe gam ɗin fata duk da wahalarsa, don minti ɗaya ya yi yawa ya fara daskarewa, amma da zafi da ɗan danshi yana sakewa. Gogen Turawa da Antonio Stradivari na Kiremona ta ƙasar Italiya, wanda ya rasu tun 1737, ya haɗa, da yawansu an sha buɗe su ana gyarawa ana mayarwa kuma har gobe ana kaɗa su, da irin gam ɗin da ba ya sakewa aka haɗa su da ba su kawo yau ba.

Muryarta ba ta canza ba, Alhamdulillahi, ko ta canza kunnena bai kama ba, maigidana ma ya ce haka. Amma layin yana nan ƙarƙashin shalak, kuma ni na san inda facin suke.

Yanzu ina kan ta biyu kuma na sauya abubuwa. Na'ura biyu nake da su, duk na gwada su da gishiri na rubuta kuskuren kowacce a takarda na liƙa a jikinta, kuma ina sake gwadawa duk lokacin da yanayi ya juya don suna kaucewa da tsufa. Na yi wani ɗan kabad da ƙwan lantarki a ƙasa, fuska da baya da sanduna a ciki suke zama sai na ga danshin ya tsaya cak na kwanaki, in fito da su in manna in mayar nan take. In ma za a kauce gara a manna a ɗan bushe, don katakon da aka kulle a bushe in ya sha danshi tudu kawai zai ƙara tsirkiya ta ɗan yi sama, wanda aka kulle a jiƙe kuwa tsagewa zai yi. Kuma kar wanda ya ce maka shalak ko fenti zai tsare, cikin akwatin ai tsirara yake, ta ramin sauti iska take shiga tana fita. Na kuma ajiye guntun da na yanke daga gefen fuskar a kan tebur, na ja masa layi biyu da fensir ina auna tsakaninsu lokaci-lokaci, shi ba batir gare shi ba balle ya yi min ƙarya.

Sandunan ta biyun suna cikin kabad yanzu haka, an fere su an gama, na'urorin biyu sun nuna 51 bayan na cire kuskurensu, ni kuma 45 nake jira, ko zai kai wani satin ba zan ɗumama gam ba sai ta sauko.